Ciyawar da masuntan bakin teku ke ci a kanta

Mu nan Arewa, da an ce ciyawar ruwa sai ran mutum ya tafi ga kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru ta hana masunta sakat. Shi ya sa da wuya ka gamsar da mutumin Zariya cewa akwai ciyawar da in ta mutu, kifi ya ƙare.

Ciyawar teku ba gansakuka ba ce. Tsiro ne mai saiwa da ganye da fure, yana yaɗo ƙarƙashin yashi kamar kiri-kiri, a ruwa marar zurfi inda hasken rana ke kai wa ƙasa. Can ƙananan kifaye da jatan lande da kaguwa ke ɓuya har su yi ƙwari su fita babban ruwa. Saiwar kuma tana riƙe laka, ruwa ya zauna garau. A Zanjibar, in teku ta janye, mata kan bi filin ciyawar da bokiti suna tsintar kodi, abin miyar ranar ke nan, ba jirgi ba koma.

Abin da ke kashe ta shi ne ya kamata manomi ya saurara. Takin zamani da ƙazantar gari in suka gangara teku, gansakuka ce ke fara moriyarsu. Sai ta lulluɓe ganyen, haske ya yanke, ciyawar ta ruɓe. Da saiwa ta saki, laka ta tashi, ruwa ya ƙara duhu, wadda ta rage ma ta bi sahu. (Kogin Galma namu na Zariya a kogin Kaduna yake zuba, Kaduna ta miƙa wa kogin Neja, Neja sai teku. Kowa ya yi lissafinsa.) Sai kuma tarun da ake ja a ƙasa yana tuge komai, da farfelar injin jirgi da ke tsaga filin, tabon da kan ɗauki shekaru bai rufe ba.

A ganina Muritaniya ta yi daidai. Gandun Bank Dargin da ke gaɓar tekun ƙasar, wanda aka kafa a 1976, yana da makeken filin ciyawar teku, kuma an hana jirgi mai inji kamun kifi a ciki. Masuntan Imragen, 'yan asalin wurin, su kaɗai ke da izini, da jiragensu na katako masu tafiya da iska. Wani zai ce an tauye talaka, an bar shi da kayan kakanni. To, injin zai ba shi kamu mai yawa bana da baɗi, amma wa zai raini kifin shekara ta biyar?

Sake shuka ta na yiwuwa, a gaɓar Bajiniya ta Amurka an watsa miliyoyin iri kuma ta kama. Sai dai ruwan can garau yake. Inda laka da taki ke ci gaba da kwarara, irin ruɓewa kawai yake yi.