Nomau Mai Me?

Ardo ya je Ingila ganin jika a watan Mayu, ya kwana gidan abokin wasansa Modu Babarbare a birnin Leeds. Da safe ya leƙa bayan gida, sai ya ga ciyawa har ƙwauri.

Ardo: Kai bawana! Lalacin Barebari har Turai ya biyo ka? Miƙo lauje in rufa maka asiri.

Modu: Ka ji bawa da kaudi. Kada ka taɓa mini ko tsinke. Wannan watan ba a yanka, No Mow May ake ce masa.

Ardo: Nomau mai me? Ni na san Nomau mai gero.

Modu: Ba mutum ba ne. Wata ƙungiya ce mai kula da tsirrai, Plantlife, ta fito da tsarin a 2019. Kowa ya jingine injin yankan ciyawa har ƙarshen Mayu.

Ardo: Sunansa Nomau, amma ya hana noma. Aradu wannan ɗan uwanku ne. To, ina shanun?

Modu: Waɗanne shanu?

Ardo: Waɗanda aka tara wa ciyawar mana.

Modu: Ƙudan zuma aka bar wa, da malam-buɗe-littafi. Durƙusa ka duba. Ka ga wannan fure mai ruwan ɗorawa? Dandelion ke nan. Wannan fari mai dunƙulallen kai kuma clover ake ce masa. In ana aske ciyawa duk sati ba sa samun fitowa, ƙwarin da suka fito daga sanyi su rasa abin tsotsa.

Ardo: Su tafi daji mana, kamar kowa.

Modu: Wane daji? Tun daga shekarun 1930 ƙasar nan ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na makiyayanta masu furanni. Noman zamani da gine-gine sun cinye.

Ardo: (ya dafe ƙirji) Wayyo! Su ma an cinye musu burtali? Yanzu ka yi magana. Allah sarki zuma, ashe ciwonmu ɗaya. To, ina amyar? A kawo mini saƙa ɗaya in karya da ita.

Modu: Ba ni da amya. Ka ga wancan ƙaton mai gashi da ke gurnani kan fure? Irinsu ɗan abin da za su ci kawai suke tarawa, ba a ɗiban zumarsu.

Ardo: Tsaya. Kana kiwon abin da ba a tatsa, ba a yankawa, ba a kai shi kara?

Modu: Su ke yi wa tuffa da wake barbara. Suna ɗaukar garin fure daga wannan su kai wancan, sannan itace ya yi 'ya'ya.

Ardo: Au, bijimai ne. Ka ce haka tun farko. Amma maciji fa? A gida ka bar ciyawa haka da damina, kububuwa za ta yi maka sallama.

Modu: A can dole a share. Nan macijinsu mai dafi iri ɗaya ne tak, shi ma ba kasafai yake shiga gari ba. Bushiya da kwaɗi ne ke ɓuya ciki, sai na duba su kafin in kunna inji.

Ardo: Bari in taimake ka. In na koma zan aiko maka da kashin shanu buhu biyu, ciyawar ta kai wuya.

Modu: Ka rufa mini asiri! Furannin nan sun fi son ƙasa maras ƙarfi. Da an sa taki ciyawa za ta danne su. Ko wadda na yanka a Yuni ba na bari ta ruɓe a wurin, kwashewa nake yi.

Ardo: Ka kai wa wa?

Modu: Kwandon shara. Motar hukuma ta zo ta ɗauka.

Ardo ya yi shiru. Ya tsinki ɗanyen ganye, ya murza, ya shinshina.

Ardo: Modu, kilo nawa ake bari mutum ya shiga jirgi da shi?

Modu: Kilo 23 kowace jaka. Me ya faru?

Ardo: Ka riƙe takalman da na saya wa Inna Wuro. Miƙo jakar, kuma miƙo laujen.

Modu: Na ce sai ƙarshen Mayu!

Ardo: To, ka kira masu jirgin su ɗaga tafiyar. Gyara mini shimfiɗa, ni da zumar nan za mu jira.