Ɗan Riƙe Jakar Daliget

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka ce na gargaɗi ne, mako huɗu kacal. Na naɗe katifata na dawo gida Kano, ko tukunyata ban ɗauko ba don na san yanzu za a koma. Mako huɗu ya haifi wata uku, takalmin makarantata ya yi ƙura a ƙarƙashin gado. Aikina ya koma ɗebo wa Umma ruwa, raka ƙanne Islamiyya, sai zaman teburin mai shayi daga bayan magariba har ya kife kofunansa.

A teburin nan na yi karatun da yajin aiki ya hana ni. Lokacin zaɓen fidda gwani ne, kowa a unguwa ya zama masanin siyasa, har da masu tura ruwa. A nan na ji cewa fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP kuma miliyan 40. Abin da ya fi ɗaure wa mai shayi kai shi ne da wuya ka ji wanda ya ce da kuɗinsa ya saya. Kowa abokai ne ko magoya baya suka haɗa masa. Ya ce shi shekararsa goma sha biyu a kan teburin nan, abokansa ko gwangwanin madara ba su taɓa haɗa masa ba.

Amma kalmar da ta fi kowace daɗi a bakin mutane a lokacin ita ce daliget, wato wakilan da ke kaɗa ƙuri'ar fitar da ɗan takarar jam'iyya. Ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda Allah ya sa ya zama daliget, ya rabu da talauci shi da jikokinsa, wai dala ake zuba musu a ɗakunan otal. Ba wanda ya gani da idonsa a majalisarmu, amma kowa yana da maƙwabcin surukin wani da ya gani.

To ni ina da Kawu. Yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da rumfar huluna a kasuwar Kurmi, yana kuma riƙe da muƙamin sakataren jam'iyya a ƙaramar hukumarmu tun ina firamare. Ban taɓa ɗaukarsa wani babba ba, saboda babur ɗinsa sai an tura yake tashi, kuma ni ake kira turin. Wata safiya ina wanka sai na jiyo shi a tsakar gida yana ce wa Umma: "Ƙarshen wata zan shiga Abuja wajen daliget, ina neman yaro mai amana da zai riƙe min jaka."

Da kumfa a kunne na fito.

"Kawu, ga ni. Ai ba sai an nemi bare ba."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Za ka iya wahala?" Na ce ai ni wahala ta san ni. Umma ta ce, "Yaya, tafi da shi, ko na huta da cin tuwon safe."

Daga ranar tafiyata ta canza. Na sanar da mai shayi a asirce, wato a gaban mutum takwas. Nan take ya daina kirana ɗalibi ya koma Onarabul, ya buɗe min shafi a littafin bashi. Ni da nake shan ruwan bunu da rabin burodi na koma haɗin kauri, Indomie biyu, ƙwai uku. Tela ya ɗinka min shadda ruwan ƙasa a kan sai na dawo. Na karɓi takalmi sau-ciki a hannun wani ɗan unguwarmu, shi ma sai na dawo. Yarinyar da nake zuwa zance wurinta kuwa na tambaye ta wace kalar waya take so cikin masu ido uku. Ta ce ko wacce. Na ce a'a, ta zaɓa, kada a kawo ta ce ba ta yi ba.

Kullum da hantsi sai na taka har Wapa wurin 'yan canji in tambayi farashin dala. Lokacin ta kai wajen naira 600. Rana ta huɗu wani ɗan canji ya ce, "Samari, wai nawa za ka canza ne?" Na ce masa kayan suna hanya. Ya ba ni kujera da ruwan leda.

Ana cikin haka sai rediyo ta fara wata magana da ta so ɓata min lissafi. Ashe sabuwar dokar zaɓe ta 2022, a sashe na 84, ta ce wakilan da aka zaɓa musamman ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani. Waɗanda a da suke shiga albarkacin muƙaminsu, gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, duk an bar su a waje. 'Yan majalisar da suka rubuta dokar da hannunsu sai daga baya suka farga sun rufe ƙofa suna waje, suka yi gyara a gurguje, Buhari kuma bai sa hannu ba. Shi kansa shugaban ƙasa ba shi da ƙuri'a. APC mutum uku-uku za ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, wato Kano mai 44 mutum 132 ke nan a duk faɗin jihar. Na ruga Kurmi.

"Kawu, ka ji abin da ake faɗa? Wai masu muƙami ba za su yi zaɓe ba."

Yana gyara zaman wata hula a kan gungume, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ni ina ruwana da wanda zai kaɗa ƙuri'a? In dai daliget za su taru, kasuwata ta buɗe."

Na fito ina jinjina kai. Na ce lallai tsofaffin 'yan siyasa da zaurance suke magana. Kasuwa! Allah ya sani mutumin nan bai ɓoye min komai ba, ni ne na yi wa maganarsa fassarar da cikina yake so.

Ranar 28 ga Mayu PDP ta yi nata a babban filin wasa na Abuja, kuma a daren ne Real Madrid da Liverpool suke wasan ƙarshe a Faransa. Da aka jinkirta take wasan, mai gidan kallo ya juya mana tashar labarai, muka tarar ana ta nuna inda Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. Rabin gidan ya ɗauki ihu, waɗanda ke waje suna sayen gyaɗa suka faɗo a guje suna tambayar wa ya ci. Madrid dai ta ci ɗaya, Atiku ya ci 371, Wike 237. Ni ba ƙwallon ba ce a gabana. Lissafi nake: waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai 800 ba, kuma duk manyan nan su suke bi suna lallashi. Na ce wa mai shayi ya ƙara ƙwai ɗaya.

Sai kuma aka ɗage namu na APC daga ƙarshen Mayu zuwa 6 ga Yuni. Mako guda ne, amma shafina ya cika har an juya baya.

Ranar tafiya Kawu ya miƙo min jakar Ghana-must-go ƙatuwa, an sa mata kwaɗo. Ya ce, "Ranka da jakar nan." Na taɓa na ji laushi-laushi, na ce takardun sirrin jam'iyya ne, kuma jakar da ta tafi da takarda ai da kuɗi za ta dawo. A tashar Unguwa Uku kwandasta ya ce a sa ta a but, na ƙi. A cinya na ɗauke ta tun daga Kano, ban ga hanya ba sai ta gefen ido. Jirgin ƙasa ba ya aiki tun harin 28 ga Maris, don haka dole ta hanyar Kaduna za a bi. Akwai wani fasinja da tun daga Kwanar Dangora yake rantsuwa ya san wanda Buhari ke so, muna wuce Kaduna ya yi tsit ya koma Ayatul Kursiyyu. Bai sake sanin kowa ba sai da muka hango dutsen Zuma.

Na ɗauka wani babban otal za mu nufa, har na tanadi yadda zan ɗauki hoto a gaban madubin banɗaki. Kawu ya ja ni barandar wani masallaci, ya ce otal duk sun cika, kuma kwana a ɗakin Allah ya fi albarka. Na yi matashin kai da jakar, na rungume ta hannu biyu kamar mai jego. Ba wanda ya taɓa ta. Takalmina sau-ciki, wanda ko sisinsa ban biya ba, shi aka taɓa. Da asuba na sayi silifa, na ɗora shadda a kai.

Gari ya waye da hayaniya. Tun jiya shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar masalaha, gwamnonin Arewa suka ce ba su san zancen ba, mulki Kudu zai koma. Kowa ka gani waya a kunne, fuska a murtuke. Kawu kaɗai ke murmushi. Ya ce, "Madalla. In aka yi rikici an fi daɗewa a gari."

Muka isa harabar wani otal inda motocin wakilai suka yi layi. Zuciyata na dukan uku-uku. Kawu ya zaro makulli daga aljihun 'yar ciki, ya yi bismilla, ya buɗe kwaɗon.

Huluna ne. Zanna Bukar, Bama, damanga, an jera su cikin juna kamar kwanuka. Ya shimfiɗa leda a ƙasa ya fara baje su. Daga ƙasan jakar ya ciro madubi mai bakin roba ya miƙo min.

"Riƙe musu, ka ɗaga daidai fuska. In sun tambaye ka, ka ce ta yi musu."

"Kawu... ba ciki za mu shiga ba?"

"Cikin ina? Kai daliget ne?"

"Kai fa?"

Ya yi dariyar da har hularsa ta karkace. "Ni da aka bar a waje tare da shugaban ƙasa? Ai na gaya maka tun a Kurmi."

Haka na wuni, ɗan aji uku a jami'a, cikin sabuwar shadda da silifa, ina riƙe wa daliget madubi. Kuma gaskiyar Kawu ce, ciniki ake kamar ana rabo. Mutumin da a gida zai yi rabin awa yana taya hula, nan ko farashi ba ya tambaya, sai dai ya ce a ba shi uku. Wani mai ƙaton kai ya ɗora wata da ta tsaya masa a tsakiya kamar murfin buta, ya ce, "Yaro, ya ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar don kai aka saƙa ta." Ya ji daɗi, ya sa hannu a aljihu ya damƙa min wata takarda a naɗe. Na hango gefenta kore. Wallahi sai da ƙafata ta yi sanyi. Na zagaya bayan wata bas, na duba hagu da dama, na buɗe a hankali. Sai ga Murtala yana kallona. Naira ashirin.

Ana haka yarinyar nan ta kira ni ta bidiyo. Na juya wayar sama ina nuna mata benen otal, na ce muna cikin wani taro mai muhimmanci. Daidai lokacin Kawu ya ƙwala min kira: "Kai! Kawo madubin nan, ga mai saye!" Na ce mata sabis ba kyau.

Daren Talata muka bi jama'a zuwa Eagle Square. Jami'an tsaro ba su bar mu ko kusa da ƙofa ba, sai daga nesa muke jiyo lasifika, 'yan takara na hawa ɗaya bayan ɗaya, wasu na janyewa, ciki har da Badaru na Jigawa. Kawu ya sayar da sauran a bakin titi ƙarƙashin fitila, ni kuma sauro ya yi walima da ƙafafun da ba takalmi. Sai ranar Laraba aka gama ƙirga: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Abin da ya sanyaya min rai shi ne akwai masu fom ɗin miliyan 100 da suka tashi ba ko ƙuri'a ɗaya, irin su Fasto Tunde Bakare. Na auna da takalmina, na ji ashe da sauƙi.

Jakar ta dawo Kano ba komai a ciki sai madubi da huluna uku. Jajaye ne, yaron rumfa ya haɗo su bisa kuskure, kuma babu daliget ɗin APC daga Kano da zai yarda a gan shi da jar hula ko da kyauta ce, ga Kwankwaso ya riga ya tafi NNPP da jama'arsa. Kawu ya ƙirgo min naira dubu uku, ya ɗora hulunan a kai ya ce, "Ga ladanka, Allah ya yi albarka. Ka iya riƙe madubi."

Kwana biyu ina shiga gida ta lungun baya. A na uku na sa ɗaya daga cikin hulunan don in ɓad da kama, na bi ta bakin titi. Ban yi taku goma ba labari ya kai wa Umma cewa na je Abuja an hana ni kasona, na fusata na sauya sheƙa. Mai shayi, wanda ɗan Kwankwasiyya ne na gani-kashe-ni, ya taso da kansa ya riƙo hannuna ya zaunar da ni a benci. Ya cire hular daga kaina ya gwada, ya duba fuskarsa a gindin tukunyar shayi, ya ce ta yi. Ya buɗe littafi ya soke naira dubu ɗaya da ɗari biyar.

"Saura dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu, Onarabul," in ji shi, yana turo min bokitin kofuna da soso. "Ka fara da na madarar, sun fi maiƙo."