Ranar da Amarya Ta Ɓace a Cikin Kwamfutata

Da aka yi bikin 'yar kawuna a Ƙofar Ƙaura, ni aka ɗora wa alhakin tattara hotuna, domin a wurin danginmu duk wanda ke kwana gaban kwamfuta babu abin da zai gagare shi. Na karɓi katin kyamarar mai hoto, na haɗa da abin da 'yan uwa suka ɗauka da wayoyinsu, sannan na rubuta ɗan gajeren shirin kwamfuta da harshen Python wanda zai zaƙulo duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .jpg, ya rage masa nauyi, don a tura wa dangin ango a Daura. Na gwada shi a kan Windows ya yi aiki sumul, amma da yake waccan kwamfutar ba ta riƙe caji, sai na mayar da aikin kan tsohuwar tawa mai Ubuntu, wato wani samfurin manhajar Linux.

Hotuna 38 suka fito daga cikin fiye da 600. Babu amarya, babu ango, babu ɗaurin aure, sai tukwanen shinkafa, da takalman jama'a a ƙofar masallaci, da fuskar ƙanwata ta fuskoki goma sha ɗaya.

Nan take zargina ya sauka kan ƙanena, wanda na gani da safe yana shawagi kusa da tebur. Ya ce, "Wallahi Yaya ko taɓawa ban yi ba," amma ban saurare shi ba, na zauna na yi masa doguwar nasiha a kan riƙon amana har ya fara ƙwalla. Kawu ya kira sau uku, kowane karo ina ce masa, "Kawu, injin yana kan aiki," alhali injin ya gama tun kafin azahar, ni ne nake gumi.

Sai bayan magariba na yi abin da ya kamata in fara yi, wato na buɗe wurin ajiyar na duba da idona. Ga hotunan nan reras, DSC_0001.JPG har zuwa ƙarshe, wutsiyar kowane suna da manyan baƙaƙe, kamar yadda yawancin kyamarori ke rubutawa. Windows ba ta bambanta jpg da JPG, shi ya sa gwajin farko ya ruɗe ni, amma a wurin Linux waɗannan biyun ko dangi ba su haɗa ba, kuma glob, wato umarnin Python da shirina ke zaƙulo fayiloli da shi, tana bin ɗabi'ar gidan da ta tsinci kanta. Tun daga Python 3.12 na 2023, glob ta pathlib, wato sashen Python mai kula da fayiloli, tana karɓar case_sensitive=False don ta daina bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, sai dai Python ɗin tawa 3.10 ce, don haka na sa shirin ya mayar da kowace wutsiya ƙananan baƙaƙe da suffix.lower() kafin ya gwada. Amarya ta bayyana. Hotunan kamu kuwa sai da suka ƙara ɓoye mini na rabin awa, saboda su .jpeg suke, da harafi huɗu.

Da dare na tura wa ƙanena saƙo na ce ya yi haƙuri. Ya amsa da ladabi cewa ya duba wayarsa bai ga komai ba, wai ita ma Linux gare ta, in taimaka in sake rubutowa da manyan baƙaƙe.