Nasiha ga Matasa 'Yan Wasa Daga Tarihin Gasar Bournemouth

Assalamu alaikum, ƙannena matasa masu sha'awar wasanni, musamman waɗanda suke fatan wasan ya zame musu hanyar cin abinci wata rana. Ina so in ja hankalinku zuwa ga tarihin wata gasar tanis da aka daina yi, wadda aka shafe shekaru masu yawa ana bugawa a kan filin jar ƙasa a garin Bournemouth da ke bakin teku a kudancin Ingila, domin a cikinsa akwai maganar gaskiya da neman halal wadda ta shafe ku kai tsaye.

Sunan gasar British Hard Court Championships. An fara ta a shekarar 1924 a garin Torquay, sannan a 1927 aka mayar da ita kulob ɗin West Hants da ke Bournemouth, inda ta zauna ta yi suna. Ana yin ta ne gabanin gasar Faransa da ta Wimbledon, saboda haka manyan 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban sukan zo su gwada ƙarfinsu a can. Fred Perry, wanda har gobe Ingila take alfahari da shi, ya ci kofin sau biyar a jere daga 1932 zuwa 1936, kuma a shekarun 1950 Jaroslav Drobný, haifaffen birnin Prague wanda ya bar ƙasarsa ya karɓi takardun zama ɗan Masar, ya ɗauke shi fiye da sau ɗaya.

A wancan zamani dokar tanis ta raba 'yan wasa gida biyu. Akwai waɗanda ake cewa suna wasa ne don sha'awa kawai, su ne aka yarda su shiga manyan gasa, akwai kuma waɗanda suka fito fili suka ce wasan sana'arsu ce, waɗannan an rufe musu ƙofa. Abin takaicin shi ne kowa ya san cewa da yawa daga cikin masu sunan sha'awar suna karɓar kuɗi a ɓoye, a damƙa musu ambulan a bayan fage a ce kuɗin mota ne da na masauki, alhali ladan wasa ne. Wanda ya yarda ya ci gaba da wannan rufa-rufa sai ya zauna cikin mutunci ana tafa masa, wanda kuwa ya ƙi, ya sa hannu a kwantiragi a bainar jama'a, sai a ɗauke shi kamar ya aikata abin kunya.

Ku dubi abin da faɗin gaskiya ya jawo wa mutane. Perry ya ci Wimbledon sau uku a jere, amma da ya koma wasan kuɗi a ƙarshen 1936 sai shugabannin tanis na ƙasarsa suka juya masa baya. Pancho Gonzales ya ci gasar Amurka a 1948 da 1949, daga nan ya shafe kusan shekara ashirin ba shi da damar shiga manyan gasa. Ken Rosewall na Ostireliya ya koma wasan kuɗi a 1957 yana da ƙuruciyarsa, ya rasa shekara goma sha ɗaya. Rod Laver, wanda ya haɗa manyan kofuna huɗu duka a 1962, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, shi ma ya zauna a waje shekara biyar. Waɗannan mutane sun riƙa yawo gari-gari, yau nan gobe can, wani lokaci da shimfiɗar filinsu a bayan mota, su shimfiɗa ta a zauren da aka samu, su yi wasa da dare, gari na wayewa su kama hanya. Sun sha wahala, amma duk abin da ya shiga aljihunsu za su iya faɗinsa a gaban kowa ba tare da sun sunkuyar da kai ba, kuma a ganina wannan ya fi duk tafin da suka rasa.

Da abin ya ishi hukumar tanis ta Birtaniya, sai a watan Disamba na 1967 ta yanke shawarar soke wannan bambanci, ko da sauran ƙasashe za su ƙaurace mata. A ƙarshen Maris na 1968 hukumar tanis ta duniya ta zauna a birnin Paris ta amince a buɗe wasu gasa ga kowa, kuma gasar farko da ta faɗo a jadawali ita ce ta Bournemouth. Ranar 22 ga Afrilu, 1968, aka buga wasan farko da ya haɗa ɓangarorin biyu a ƙarƙashin doka ɗaya, tsakanin John Clifton da Owen Davidson.

Wasan da aka fi tunawa shi ne na Mark Cox, wani matashin Bature ɗan shekara 24, bahago, wanda ya yi karatu a Jami'ar Cambridge. An haɗa shi da Gonzales, wanda ya rage kwanaki kaɗan ya cika shekara 40, kuma a turmin farko Gonzales ya yi masa shida da babu. Da yawanku da nan za ku saki jiki, ku fara neman wanda za ku ɗora wa laifi, ko fili, ko iska, ko alƙalin wasa. Cox bai yi haka ba. Ya ci turmi na biyu, ya faɗi a na uku, sannan ya ɗauke na huɗu da na biyar, ya zama ɗan wasan sha'awa na farko da ya kayar da ɗan sana'a a buɗaɗɗiyar gasa. Daga nan ya kayar da Roy Emerson, sai a wasan kusa da na ƙarshe Laver ya tsayar da shi. A wasan ƙarshe Rosewall, yana da shekara 33, ya rasa turmin farko a hannun Laver, ya dawo ya cinye uku a jere, ya karɓi kofi da fam 1,000 a gaban jama'a. 'Yan makonni bayan haka ya ci gasar Faransa, shekara goma sha biyar bayan cinta da ya yi na farko a 1953.

A ɓangaren mata Virginia Wade ce ta yi nasara a kan Winnie Shaw, amma ba ta karɓi kuɗin kyautar ba, domin har lokacin ba a tabbatar da abin da zai sami ɗan wasan sha'awar da ya karɓa ba. Ta haƙura da abin da yake haƙƙinta har al'amari ya fito sarari, kuma kafin shekarar ta ƙare ta ci gasar Amurka ta karɓi ladanta ba tare da wata fargaba ba.

To, ƙannena, wannan tsohuwar doka ta mutu, amma jarabawar tana nan, kaya kawai ta sauya. Yau za a zo wa yaro a ce ya rage shekarunsa don ya shiga gasar yara, a kawo masa takardar haihuwa da ba tasa ba. Gobe wani ɗan caca zai kira shi gefe ya ce ya saki turmi ɗaya kawai, babu wanda zai gane. Jibi wani dillali zai miƙa masa kuɗi ba takarda ba shaida, ya ce maganar ta tsaya tsakaninsu. Ina roƙonku da girman Allah ku ƙi duk waɗannan, ko da kuna cikin matsi, domin wanda ya rage shekarunsa ya danne haƙƙin ƙaramin yaron da ya kamata ya sami gurbin, wanda kuma ya sayar da wasa sau ɗaya ya zama bawan wanda ya saya, duk ranar da aka kira shi dole ya amsa. Idan za a biya ku, a rubuta a takarda, iyayenku ko wani babba da kuka amince da shi ya karanta, ku san nawa ne, na mene ne, kuma har zuwa yaushe. Babu kunya a cin abinci da gumin wasa, kamar yadda babu kunya ga maƙeri ya karɓi kuɗin garmar da ya ƙera.

Duk wanda ya taɓa wasa a jar ƙasa ya san cewa ƙwallo tana barin shaida a inda ta sauka. Idan gardama ta tashi, alƙali yakan sauko daga kujerarsa, ya tako har bakin layi, ya duƙa ya duba tabon, sannan ya yanke hukunci. Ɗan wasa mai mutunci ba ya jiran a sauko. Idan ya ga ƙwallon abokin karawarsa ta taɓa layi, da kansa yake share tabon da ƙafa ya ba shi makinsa. Ku saba wa kanku da wannan tun a wasan atisaye, inda babu alƙali babu 'yan kallo, domin a nan ne hali yake kafuwa. Filin kuma yana rage wa ƙwallo gudu, ba a cin maki da bugu ɗaya, sai an yi ta mayarwa ana zamewa a kan ƙasa har wani ya gaji, shi ya sa mai gaggawa ba ya daɗewa a kansa.

Gasar ba ta daɗe da darajarta ba bayan 1968. Ilie Năstase da Manuel Orantes sun ci kofin a shekarun 1970, José Higueras ya ci a 1983, daga nan aka dakatar da ita, domin kuɗin da ta buɗe wa ƙofa ya ja manyan 'yan wasa zuwa garuruwan da suka fi ta abin bayarwa. An farfaɗo da gasar maza a Bournemouth daga 1996 zuwa 1999, 'yan Sifaniya irin su Albert Costa da Félix Mantilla suka yi nasara, sannan aka sake rufe ta. Waɗanda suke wasa a gasannin garuruwanku su sani cewa irin wannan yana iya samun kowace gasa, saboda haka ku taimaka wa masu shirya ta da share fili da jan layi, ku kuma rubuta sunayen zakarun kowace shekara da sakamakon wasanninsu a littafi, ku damƙa shi a hannun wanda zai adana.