Sankarar nono tana kama maza, kuma shiru ne ke ba ta ƙarfi

Duk watan Oktoba in ya kama, za ka ga an ɗaura ƙyallen ruwan hoda, gidajen rediyo sun cika da kira ga mata su riƙa lalubar ƙirjinsu. Madalla da haka. Amma ƴan'uwana na Damagaram, wa ke yi wa maza magana? A fada, in ka ce namiji na iya kamuwa da sankarar nono, kafin ka rufe baki an fashe da dariya, wani ya ce sai dai in ɗan daudu ne.

To, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 100 na masu wannan ciwo namiji ne. Kaɗan ne, na yarda. Sai dai wanda abin ya faɗo wa, ba ruwansa da lissafi.

Yawanci ta fi kama dattawa, waɗanda suka haura shekara 60. Tana farawa da ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, gefe guda, kuma galibi ba ya ciwo. Wannan rashin zafin shi ne babban yaudarar. Daga nan kan nonon ya lotsa ciki, ko ya fara ɗigar jini ko ruwa, fata ta tattare, kaluluwa ta fito a hammata, a ƙarshe ya fashe ya zama gyambo. Da yake ƙirjin namiji ba shi da naman nono mai yawa a wurin, ciwon ba ya daɗewa kafin ya kama fata da naman ƙirji. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar nan ta Amurka Beyoncé, ya bayyana a 2019 cewa ɗigon jini da ya riƙa gani a rigarsa ne ya kai shi asibiti. Mu a nan, da yawa sai su ce maruru ne, a kira wanzami ya tsaga, ko a shiga shafe-shafe saboda zancen nan na cewa daji ba ya son allura. Watanni su wuce, wani har shekara.

Ba kowane kumburi ne sankara ba. Samari masu tasowa da wasu tsofaffi nononsu kan ɗan tasa, da laushi, sau da yawa gefe biyu. Amma rarrabewar aikin lokotoro ne, ba na ƴan fada ba.

Ga abin da ya fi damuna. In aka yanki ɗan naman aka duba a ɗakin gwaji, sankarar nonon maza, sama da kashi 90 cikin 100, irin wadda ke rayuwa da sinadarin estirojin ce. Wannan sinadari an fi saninsa a jikin mata, amma mu ma muna da ɗan namu. Ƙwayoyin ciwon suna da wasu ƴan ƙofofi da sinadarin ke buɗewa kamar makulli, su yi ta hayayyafa. Irin mai wata ƙofar daban da ake kira HER2 ba ta fi kusan kashi 10 ba, mai taurin kan nan kuwa da ba ta da ko ɗaya daga cikin ƙofofin, da ƙyar ake samunta a maza. Wato tamu tana cikin masu jin magani. Bayan tiyata, akwai ƙwayar tamoxifen, tsohon magani mai sauƙin kuɗi in aka kwatanta da sauran, ana sha kullum shekara 5, wasu har 10, yana toshe ƙofofin.

Duk da haka maza sun fi mutuwa. Wani babban bincike na jami'ar Vanderbilt a Amurka da ya fito a 2019 ya nuna cewa bayan shekara 5, kusan maza 78 cikin 100 ne ke raye, mata kuwa kusan 86. A can ke nan, inda asibiti ke bakin ƙofa. Tsufa na da hannu a ciki, haka ma zuwa a makare. Kuma an daɗe ana yi wa maza magani da abin da aka gwada a jikin mata kawai; sai a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar a riƙa sa maza cikin gwaje-gwajen. Ka ɗora wannan a kan halinmu, inda gashin ciwon da na'ura sai an je cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara wannan aikin a 2021, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Wanda ya je Babban Asibitin Zinder tun ƙullutun na ƙarami ya rage wa kansa da iyalinsa wahala mai yawa.

Shi ma tamoxifen sai an faɗi gaskiya a kansa. Yana iya kawo zafin jiki da zufa, ƙiba, da raguwar sha'awa. Dattijo ba zai faɗa wa ma'aikaciyar jinya sa'ar ƴarsa wannan ba, sai dai ya aje ƙwayar shiru. Ina ganin laifin namu ne mu ƴaƴa da ƙanne da ke raka su: ka tambayi lokotoro a gabansa, ka kuma nemi a kai naman da aka cire gwaji, ka karɓo sakamakon.

Masu ciwon hanta da ya daɗe har ta ƙandare, ga shi ciwon hanta nau'in B ya yi mana yawa a ƙasar nan, da masu ƙiba sosai, da wanda ya taɓa samun matsala a maraina, haɗarinsu ya ɗan fi. Sai kuma gado. Akwai wani lahani a ƙwayar halitta da ake kira BRCA2, shi aka samu a jikin Knowles, kuma uba na iya gadar wa kowane ɗa ko ɗiyarsa, dama rabi da rabi. Baban da ya ɓoye ciwonsa don kada a ce ya yi cutar mata, ya hana ƴaƴansa mata sanin cewa ya kamata su fara zuwa awo da wuri, su kuma gaya wa lokotoro cewa mahaifinsu ya yi.