Shell ta sayar da rijiyoyin, amma katantanwar tana hannunta

Ran Asabar ina zaune a kan benci a garejin bakanikena ana mun juyen mai, sai yaronsa ya ɗauko galan mai tambarin nan ja da ruwan ɗorawa ya ce "Oga wannan za a zuba ko na awo?" Na ce masa ka san hoton mene ne a jiki? Ya juya galan ɗin ya duba ya ce kamar maficin kaba. Ai kuwa na yi dariya, don ni ma na daɗe ina ɗauka hakan ne. Ɓawon katantanwar teku ce, kuma ma'anar sunan Shell ɗin kenan.

Asalin abin wani ɗan tireda ne a Landan, Marcus Samuel, da tun 1833 yake sayar da irin waɗannan ɓawon da ake kawowa daga gabas ana ƙawata akwatuna da su. Mu da kakanninmu suka yi ciniki da wuri ba sai an mana bayanin yadda ɓawon teku ke zama dukiya ba. 'Ya'yansa ne suka koma harkar kananzir, a 1892 jirginsu Murex ya ratsa mashigin Suwez da kananzir ɗin Rasha zuwa Asiya, a 1897 suka kafa kamfanin suka raɗa masa sunan sana'ar babansu. A 1907 suka haɗe da Royal Dutch na Holan, 'yan Holan kashi 60 su kashi 40. Wato su ne ƙananan abokan tarayya amma sunansu ne ya shige gaba, har a 2022 aka goge Royal Dutch ɗin gaba ɗaya, hedikwata ta koma Landan.

Abin da nake so mu lura da shi, wannan kamfani ya sha rabuwa da kadara amma bai taɓa sakin suna ba. Gidajen mansa na Najeriya tuni suka zama National Oil, daga baya Conoil. A Ghana kuwa har yau za ka sha mai a gidan Shell, alhali Vivo Energy ne ke gudanarwa, aron sunan ake ba shi da lasisi yana biya.

To mu zo Neja Delta inda maganar take da zafi. A Oloibiri aka fara dacewa da mai a 1956, a 1958 aka fara fitarwa waje, ganga dubu biyar da 'yan kai a rana. Daga nan sai dukiya ta yi ta fita ta bututu, mutanen wurin kuma suna kallon gonakinsu da ruwan da suke su a ciki suna baƙi. Ken Saro-Wiwa ya ja Ogoni suka yi bore har Shell ta daina haƙa a ƙasarsu a 1993, gwamnatin Abacha ta rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, a 2009 kamfanin ya biya iyalai dala miliyan 15.5 a Amurka amma ya ce shi fa ba amsa laifi ya yi ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 cewa ya yi gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Yaron da aka haifa ranar da aka fara aikin sai ya yi aure ya haihu kafin a gama kenan, in ma an yi da gaske.

Sai ga shi a Janairun 2024 Shell ta sanar za ta sayar da reshenta na kan tudu, SPDC, ga gamayyar Renaissance, a Maris 2025 ciniki ya faɗa. Ba barin Najeriya ta yi ba fa, tana nan a Bonga can cikin teku inda ba gona ba ƙauye ba mai tare hanya.

Na san abin da masu kare ta za su ce, kuma ba ƙarya suke ba: mafi yawan malalar man yanzu ɓarayin mai da masu fasa bututu ne ke jawowa, sannan a haɗin gwiwar haƙar man da SPDC ta gudanar NNPC ke da kashi 55, Shell kuwa 30 kacal take da shi kafin ta sayar, saboda haka gwamnatinmu ma hannunta dumu-dumu. Na yarda. Amma wanda ya shimfiɗa bututu shekara hamsin da suka wuce shi ya san inda ya tsufa, kuma a garin Bodo na ƙasar Ogoni bayan malalar 2008 sai da aka kai ƙara Ingila kafin a 2015 aka biya fam miliyan 55. Ni a ganina tun da sunan nan yana kawo riba ko a inda kamfanin ba shi da famfo ko ɗaya, to bashin gyara ma ya bi sunan, a lissafa shi a ajiye kuɗin a asusu kowa ya gani, kar a bar wa sabbin masu saye waɗanda aljihunsu bai kai rabin nata ba.

Man dai na ce a zuba shi, don yana da kyau a inji. Yaron kuma ya wanke galan ɗin ya ce zai kai wa innarsa ta riƙa zuba manja.