Injin gurza bai sauke wa bawa kaya ba

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa zaune da magurji tana raba auduga da angurya ya san aikin ba na mai gaggawa ba ne. Haka abin yake a kudancin ƙasar Amurka kafin 1793. Audugar da ke yi a can nesa da bakin teku gajeren zare gare ta, angurya kuma manne take, mutum zai wuni bai gurje fiye da laba ɗaya ba. Sai Eli Whitney, a wata gona kusa da Savannah a jihar Jojiya, ya haɗa wani akwati mai ganga da haƙoran waya, suna fizgo audugar ta tsagogin da angurya ba ta iya bi. Inji ɗaya ya koma gurje kusan laba 50 a wuni.

Da lissafi ne kaɗai, sai a ce buƙatar bayi za ta ragu. Ina! Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000 a Amurka, ta 1860 kuwa kusan miliyan 4. Shi injin gurza kawai ya sani. Shuka, noma da tsinka duk suka tsaya a hannu, domin injin tsinkar auduga bai bazu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masaƙun Manchester a Ingila kuma baki buɗe suke, kome aka kai sun haɗiye. Da gurza ta yi sauƙi, nauyin gaba ɗaya ya koma kan mai tsinka: ya shiga gona da asuba da buhu rataye a wuya, da magariba a ɗora kwandonsa a sikeli, in ya gaza abin da aka yanka masa, bulala ta cike gibin.

Bayan an haramta shigo da bayi daga Afirka a 1808, sai fataucin ya koma cikin gida. An kwashi mutane kusan miliyan ɗaya daga irin su Virginia da Maryland zuwa Alabama, Mississippi da Louisiana, an raba uwa da ɗa, miji da mata. Filayen ma na wasu ne. Dokar 1830 ce ta ba da damar korar ƙabilun Cherokee, Creek da Choctaw, 'yan asalin wurin, daga ƙasarsu.

Wasu na ɗora laifin duka a kan Whitney da akwatinsa. Ni dai ban ga haka ba. Ba inji ne ya rubuta dokar da ta mai da mutum dukiya ba, ba shi ne ya karɓi bayi jingina a banki ba. Ya buɗe ƙofar riba, amma ya tarar da masu iko sun riga sun yanke wanda zai yi guminta.

Mu duba nan gida. Bayan yaƙin basasar Amurka ya bar masaƙun Ingila babu auduga, Turawa ba su manta ba. A 1902 suka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, daga baya ta girka injinan gurza a Zariya da Funtuwa, suna sa ran Arewa za ta ciyar da masaƙun yankin Lancashire na Ingila. Ba wai ƙasarmu ba ta san gandun bayi ba, ta sani sarai. Amma galibin manoman Kano na da ta cewa a kan gonarsu. Da jirgin ƙasa ya iso, suka auna farashi suka kama gyaɗa, audugarsu kuma suka sayar wa masaƙan gida, waɗanda suka fi Bature biya.